Ɗinkin da Ya Kama Ƙarfe Ɗaya

Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a layin masu gyara. Ko matarsa in ta yi aike, cewa take a je a faɗa wa Ya-Kama abincinsa na hucewa. Mai walda ne, shekara arba'in da ɗoriya yana haɗa ƙarfe da ƙarfe, kuma da bakinsa ya jawo wa kansa sunan. In ya gama ɗinki, don haka yake kiran layin walda, ba ya miƙa wa mai kaya kayansa nan take. Sai ya bar shi ya huce, ya ɗauki 'yar gudumarsa ya kankare ƙanzon da ya taru a sama, ya buga sau uku, ya karkata kai yana sauraro. Sannan ya ce, "Ya kama." In bai faɗi haka ba, ko birgima za ka yi a ƙasa kana rantsuwa sauri kake, kayan nan ba za su bar rumfarsa ba.

Rumfar ba wata aba ba ce. Kwano huɗu a sama, benci ɗaya da aka yi wa ƙafa da bututun ruwa, tsohon injin walda wanda ya sake naɗa wa waya da hannunsa har sau biyu, sai gwangwani cike da guntayen tsinken walda da bai taɓa yarda a zubar ba. A bangon baya kowace sifana da ƙusarta. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin da garin ƙarfe, ko kaji ba sa tono a nan.

Tun yana saurayi ya shiga sana'ar, a wajen wani mai ƙera ƙofofi da tagogi. A shagon nan baƙin gilashi ɗaya ne tak, shi ma na maigida ne. Sauran in za su ɗana wuta sai su runtse ido su kau da kai, su waiwayo su ga inda aka kwana. Shekara bakwai ya yi a haka, yana ganin jarumta ce. Abin da matarsa ta fara koya a gidansa shi ne yadda ake jiƙa tsumma da ruwan sanyi a ɗora wa mutum a ido, ranar da ya dawo yana jin kamar an watsa masa yashi. Da ƙofofin mutane da gadajen ƙarfe da ƙafafun amalanke ya ciyar da 'ya'ya mata uku har ya aurar da su. Bai tara komai ba sai gidan da yake ciki da kalmar nan tasa, kuma a layin ba a wasa da ita. Direba zai leƙa ƙarƙashin motar ɗan'uwansa ya ce, "Wa ya yi maka wannan?" A ce Ya-Kama. Shi ke nan, an wuce wurin.

A tsallaken titi, daidai saitin rumfarsa, akwai wani mai waldan da ake kira Yanzu-Yanzu, don ko jirgi ka kawo masa ce maka zai yi yanzu-yanzu za a gama. Ya-Kama ya ba shi shekara ashirin. Shekara goma sha biyar ke nan suna fuskantar juna, ba wanda ya taɓa taka rumfar wani, amma baki bai huta ba ko rana ɗaya.

"Tsoho! Mai ƙofar nan ya ce in tambaye ka, bana zai karɓa ko baɗi?"

"Ce masa ya kawo maka, in walda mai kama da kashin kaji yake so a jikin ƙofarsa."

Haka kullum. Gaskiyar magana, Yanzu-Yanzu ya iya aiki. Idonsa tar yake, hannunsa ne kawai ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya-Kama ya san da haka, amma ko wuƙa za a sa masa a wuya ba zai faɗa ba.

Idon Ya-Kama a hankali ya fara, babu ranar da za a ce ga ta. Da fari lambobin da ke jikin tef ɗin awo ne suka daina tsayawa, sai ya koma awo da yatsu, ya ce ai tef ɗin zamani ƙarya yake yi. Daga nan layin allinsa ya ƙara kauri. Daga nan ya fara jan aiki daga inuwa zuwa tsakiyar rana, wai jikinsa ne ke son zafi. Gefe-gefe yana gani sarai, yakan gane mai wucewa tun daga nesa ta tafiyarsa. Tsakiyar ce matsalar: daidai inda ya kafa ido, nan wani tabo kamar hayaƙi ke zuwa ya zauna. Matarsa ta gane tun ranar da ya tsiyaya ruwa a gefen kofi. Da ƙyar ta ja shi wajen likitan ido. Likita ya haska, ya rubuta magani, ya ce abin da ya tafi ya tafi, a tattala wanda ya rage, kuma a bar kallon wuta. Ya-Kama ya ɗauki takardar maganin, shawarar kuwa a kan teburin likita ya baro ta.

Mijin autarsa mutum ne shiru-shiru, mai ladabi har abin ya so ya yi yawa. Sana'arsa ɗaukar kaya masu nauyi, janareta, injin niƙa, injin buga bulo, duk abin da ya fi ƙarfin ƙarti huɗu. Ya sayi ƙaramar tirela ta hannu, irin mai taya biyu da ake ɗaurawa a bayan mota. Ya kuma sayo winci, ƙarfen nan mai naɗin waya da hannun juyawa, wanda ake jawo kaya da shi su bi katako su hau tirela. Abin da ya rage a yi wa wincin mazauni a wuyan tirelar, can gaba kusa da inda take haɗuwa da mota. Wajen wa zai kai? Ya jawo ta har gaban rumfar surukinsa, ya durƙusa ya gaishe shi.

Ranar Ya-Kama ya ji daɗi ba kaɗan ba. Ya yanko fallen ƙarfe mai faɗi, ya aza shi kan wuyan, ya ɗiga masa wuta a kusurwa huɗu don ya tsaya. Sannan ya ja ɗinki a gaba, ya ja a baya. Ya kankare, ya buga sau uku, ƙarar ta fito tas.

"Ya kama."

"Allah ya saka da alheri, Baba."

Sati uku bayan nan, motar surukin ta daina bin layin. Da kullum da safe sai ya rage gudu a gaban rumfa ya ɗaga hannu. Auta ta zo gida ita kaɗai, ta ce mijinta ya zame a banɗaki, ƙashin ƙwaurinsa ya tsage, an ɗaure ƙafar. Tana faɗa tana satar kallon uwarta. Ya-Kama ya je dubiya da lemo a leda, ya zauna ya yi dogon bayani a kan santsin sabulu, ya ce zai ƙera musu abin riƙewa a kafa a bangon banɗakin. Surukin ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba, an gode."

Kunya dai halin kirki ce, amma wani lokacin haushi take ba mutum. Gida biyu sun san abin da ya karya ƙafar nan, mai aikin kaɗai aka bari yana ba da shawara a kan sabulu.

Wata Talata da hantsi, Ya-Kama na gurza ƙafar wani gado, sai ya ga mutum ya tsallako titi ya tsaya a bakin rumfa. Ta tsayuwar ya gane shi. Ya kashe injin gurza yana shirya baƙar maganar da zai tarbe shi da ita.

"Baba, in ba damuwa, zo ka taya ni duba wani abu."

Baba. Shekara goma sha biyar yana Tsoho, yau ya zama Baba. Ya goge hannu a jikin wando, ya bi shi.

A bayan shagon Yanzu-Yanzu, tsakanin tsofaffin ƙofofi, ga wani abu lulluɓe da tamfol. Da aka yaye, tirelar surukinsa ce. Wincin na kwance a cikinta, fallen da aka yi masa mazauni da shi na manne a gindinsa.

"Ƙanen surukinka ya kawo ta shekaranjiya, ta bayan layi," in ji Yanzu-Yanzu. "Wai in gyara kada ka sani. Na ce to. Kwana biyu ina zagaya ta, hannuna ya ƙi. Injin niƙa suke jawowa, ya kai rabin katako, mazaunin ya ɓalle. Wincin ya taso ya doki surukinka a ƙwauri, injin ya koma ƙasa da gudu. Allah ya taimaka ba kowa a bayansa."

Ya-Kama ya tsuguna. Bai wahalar da ido ba, babban yatsansa ya ɗora a wuyan tirelar ya bi. Ɗinkin na nan daram, bai tsage ba, bai ɓantare ba, sumul, kowane zobe daidai da ɗan'uwansa. Wallahi irin ɗinkin da ake nuna wa masu koyo. Ya ce a miƙo masa wincin. Ya mayar da fallen inda yake a da, ya lalubo ɗigon nan huɗu da suka karye, ya daidaita su. Ya sake bi da yatsa. Tsakanin bakin fallen da ɗinkin gaba akwai fili, faɗin yatsa guda, tun daga farko har ƙarshe. Na baya ya fara ɗab da fallen bai cije shi ba, ya yi rabi, ya saki hanya ya bi gefe. Ashe a kan wuyan tirela kaɗai ya kwantar da waldarsa. Ɗigo huɗu na wucin gadi su suka riƙe winci har sati uku.

Guduma kuwa ba ta yi masa ƙarya ba. Ɗinkin ya buga, ɗinkin kuma ya kama. Sai dai ƙarfe ɗaya ya kama, walda kuwa biyu ake so ta kama.

Yanzu-Yanzu ya rage murya. "Ba wanda ya gani sai ni. Bari in gurje in sake. In an tambaya mu ce ƙarfen ne ya ci tsatsa, ai tirelar ta hannu ce."

Ya-Kama ya daɗe a tsugune. Maganar ta shige shi, ba sai an faɗa ba, don da ya ce to, da an binne zancen a nan bayan shago. Ya sake shafa wuyan tirelar.

"Ƙarfen nan lafiyarsa ƙalau," ya ce. "Naɗe tamfol ɗinka. A tura ta gaban rumfata."

"Ta titi?"

"A'a, ta sama."

Suka turo ta tsakiyar layi da rana tsaka, mai faci ya kama musu, mai fenti ya tsayar da motoci. Ya-Kama ya kwance fallen daga gindin winci ya aza shi kan benci, inda duk mai wucewa zai gani. Mai faci ya tambaya me ya faru. Ya ce, "Je ka shafa wuyan, ka auna da wannan." Kafin azahar layin kaf an sani.

Da ya koma gida cin abincin rana, matarsa ta ajiye masa kwano ta zauna gefe tana tsince wake a faranti.

"Kin sani," ya ce.

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar."

"Kika bar ni na kwashi lemo na je ina yi wa yaro wa'azin sabulu?"

"Malam, da na faɗa maka ji za ka yi? Likita da fitilarsa da takardarsa ya faɗa maka, ka ji? Ci abincinka."

Bai iya ci ba. Kunya ta rufe shi, tsoro ya biyo baya, don jikansa yakan bi uban wajen aiki ranar da ba makaranta, kuma yara bayan kaya suke son tsayawa. Amma abin da ya fi ci masa rai ba idon ba ne, ido ai na Allah ne. Kalmar ce. Da bakinsa ya ce ya kama, mutum ya yarda, ya kai ƙafarsa kusa da ƙarfe saboda ya yarda.

Washegari da safe ya aika aka kawo surukin. Ƙanensa ya tuƙo shi, ya fito yana dogara sanda, aka zaunar da shi kan benci kusa da fallen. Yana ganin fallen ya kau da kai.

"Yaya banɗakin?" in ji Ya-Kama.

Surukin ya shiga murza kan sandarsa.

"Ina tambayarka."

"Baba, ai tsautsayi ne."

"Tsautsayi bai riƙe tsinken walda ba, ni na riƙe. Ban ga layin ba na ce maka ya kama. Ka yafe mini."

Surukin ya rikice, ya fara zamewa daga benci zai durƙusa da ɗaurarriyar ƙafa.

"Zauna kafin ka karya ɗayar. Buɗe kunnenka ka ji yadda za a yi, don tirelarka ce, ya kamata ka san abin da ke riƙe da ita."

Ya ɗauki fallen yana kwatanta masa da hannu. Winci ba zama yake a kan mazauni ba, ja yake. Kaya na baya, waya na jan kan wincin baya, sai gaban mazaunin ya nemi ɗagawa kamar murfin gwangwani. Ko da ɗinkin ya hau inda ya kamata, ganganci ne a bar irin wannan ja ga walda ita kaɗai. Yanzu falle biyu za a sa, masu kaurin ƙaramin yatsa, ɗaya a saman wuyan ɗaya a ƙasa, bol huɗu su matse su. Bol ɗin ta gefe da gefen wuyan za su bi, ba ta cikinsa ba, don huda wuya rage masa ƙarfi ne. A kan fallen sama za a tsayar da ginshiƙin da winci zai hau, a tallafe shi da ƙarfe mai kusurwa uku hagu da dama. Sannan a ba shi tokara, daga ƙeyarsa zuwa ƙarfen da ya gitta gaban tirelar, yadda in waya ta ja, jikin tirela gaba ɗaya za ta ja.

Tsohon ɗinkin shi ya fara gurjewa da kansa. Mai faci ya ce bari ya karɓa masa, Ya-Kama ya harare shi. Ya bi shi da injin gurza daga wannan kai zuwa wancan har wuyan ya yi fes, yana shafawa yana sakewa. Wuraren huda kuwa da kwali ya fitar da su: ya naɗa kwalin a jikin wuyan, ya soke shi da ƙusa a wuri huɗu, ya ɗora a kan falle ya buga alama mai zurfi yadda bakin injin huda zai faɗa ciki da kansa. Duk wannan yatsa na yi ba sai da ido ba. Ya zura bol, ya sa washa sama da ƙasa, ya ɗaure noti a gicciye, wannan kusurwa sannan waccan, kaɗan-kaɗan har suka zauna daidai. Ya ƙara wa kowanne noti na biyu don kada girgizar hanya ta kwance shi.

Saura walda. Ginshiƙi, tallafi biyu, da tokara.

Ya jera su, ya matse da maɗauri, ya kunna tsohon injin ya yi gurnaninsa. Ya sa sabon tsinke, ya ɗaga baƙin gilashi. Masu gyara sun bar aikinsu sun taru nesa kaɗan, kowa na yi kamar wani abu ya kawo shi. Ya-Kama ya ja guntun ƙarfe daga ƙasa ya gwada wutar a kai, yadda ya saba. Wannan karon ya tsaya ya duba da gaske. Dunƙulen haske ya gani, fari, ba baki ba gefe. Inda ya kamata ya ga narkakken ƙarfe yana bin layi, hayaƙin nan ne zaune. Ya san ya fi shekara haka abin yake, hannu ne ke tafiya da abin da ya haddace. A kan ƙofa da gado hadda ta yi ta fitar da shi, a kan tirela ta ƙi.

Ya ajiye tsinken. Ya juya wajen titi ya ɗaga murya.

"Kai mai kashin kaji! Zo nan."

Yanzu-Yanzu dama yana bakin shagonsa a tsaye. Ya tsallako da nasa gilashin a hannu.

"Ajiye wannan, karɓi nawa. Na fi yarda da shi."

Ya koma benci ya zauna kusa da surukinsa, ya ba aikin baya. Wuta ta kama. Walda mai kyau ƙara ɗaya take yi ba yankewa, kamar ana suya a mai mai zafi, kuma shekara arba'in kunnen Ya-Kama na shan wannan ƙara. Ba a yi nisa ba ya ɗaga hannu.

"Rage gudu! Wa ya biyo ka?"

Ƙarar ta daidaita. Can kuma ta fara tartsatsi.

"Ka ɗaga tsinken da yawa, ina ji yana tofi. Kusanto da shi."

"Tsoho, da ƙeya kake gani ne?"

"Da kunne. Wannan tallafin na hagu, gurje shi ka sake."

"Haba! Wallahi ya yi kyau."

"Nawa ma ya yi kyau. Gurje."

Yanzu-Yanzu bai ƙara musu ba. Ya gurje, ya sake. Tokarar ma sai da aka yi ta sau biyu, don ya fara ta daga sama, Ya-Kama ya ce daga ƙasa ake hawa da ita. Aikin da Yanzu-Yanzu zai yi kafin shayi ya huce, sai ga shi ya ci yini. Wani mai babur ya zo da karyayyen mazaunin kaya ya tsaya yana kiransa daga tsallake. A ranar aka fara jin Yanzu-Yanzu ya ce da mai kaya ya dawo gobe, mai fenti har da tafi.

Da la'asar aka ɗaura winci a kan ginshiƙi. Ya-Kama ya ce ba inda tirela za ta sai an gwada. Mai gyaran janareta yana da wani matacce a gefen shagonsa, ya fi injin niƙan nan nauyi nesa ba kusa ba. Aka ɗaura tirela a mota, aka tokare tayoyi da duwatsu, aka jingina katako biyu, aka maƙala ƙugiya. Ya-Kama da kansa ya zagaya ya kori kowa daga baya. Ƙanen surukin ya matso zai kama hannun winci, Ya-Kama ya janye shi gefe.

"Ni zan juya."

Auta ta zo tun azahar da abincin mijinta, ba ta tafi ba. "Baba, don Allah," ta ce.

"Matsa can kusa da mijinki."

Ya tsaya daidai inda surukinsa ya tsaya ranar, ƙwaurinsa ɗab da mazaunin. Ya fara juyawa. Haƙorin winci na ƙas, ƙas, ƙas, waya ta miƙe ta yi tauri, janareta ya motsa ya hau bakin katako. Katakon ya yi ƙara. Gumi na bin gemunsa, hannun na ƙara nauyi. Da kayan suka kai rabi, inda wancan ya ɓalle, sai ya daina juyawa ya bar su a rataye. Ya ɗora tafin hannunsa a kan ginshiƙin ya tsaya. Ya sauke shi kan tokara, ya sauke shi kan noti ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfen da zai saki yakan yi rawa a hannu kafin ya yi ƙara a kunne. Ba abin da ya motsa. Ya ci gaba da juyawa har janareta ya zauna a cikin tirela.

Ya ɗauko 'yar gudumar. Ya buga sau uku a gindin ginshiƙi, ya karkata kai. Sannan ya yi abin da ba a taɓa ganin ya yi ba: ya bi kowane ɗinki da yatsa biyu, ɗaya ta wannan gefe ɗaya ta wancan, yana jin ko ya ciji ƙarfen duka biyu. Ya miƙe tsaye. Layin ya yi tsit, kowa na jiran kalmar, surukin har ya ɗago daga benci da sandarsa.

Ya-Kama ya juya gudumar, ya miƙa wa Yanzu-Yanzu ta wajen ƙota.

"Ni ji na yi, ban gani ba. Wanda ya gani shi zai faɗa."

Wannan karon Yanzu-Yanzu ya ajiye tsiyar da ya saba. Ya karɓi gudumar, ya tsuguna, ya bi ɗinkin ɗaya bayan ɗaya da ido, a hankali, har ya kwanta a ƙasa ya leƙa fallen ƙasa. Ya tashi da baƙin gari a bayan rigarsa.

"Ya kama, Baba."

"To. A sauke wa mutum janaretansa."

Kayan farko da tirelar ta ɗauka bayan gwajin shi ne tsohon injin waldan Ya-Kama, tafiyar taku ashirin, daga wannan gefen titi zuwa wancan. Gwangwanin guntayen tsinke ma ya bi shi, da gargaɗin kada a zubar ko ɗaya. Abin riƙewa na banɗaki kuwa sai da ya ƙera shi, tun da ya riga ya yi alkawari. Ya lanƙwasa bututu, ya je ya kafa shi da bol huɗu, Auta na dariya tana share ido.

Har yanzu yana buɗe rumfar da safe. Bencin na nan, kowace sifana na kan ƙusarta. Masu tirela da masu amalanke suna kawo masa duk abin da zai ɗauki nauyi, ya shafa, ya faɗi inda za a tallafa da inda za a tokare, ya huda, ya ɗaure bol. Walda kuwa a tsallaka da ita. In wuta ta kama a can, daga nan kan benci za ka ji shi yana cewa a rage gudu.

Ya-Kama ake ce masa har gobe, yana kuma amsawa. Amma tun daga ranar ba wanda ya ƙara jin kalmar a bakinsa. In baƙo ya matsa masa, ya ce to Baba, ya kama ko bai kama ba, sai ya nuna tsallaken titi da haɓa ya ce, "Tambayi mai ido."